Linux a Minna: kyauta ne, amma wa zai ci gaba da kula da shi?

Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, masu tsofaffin kwamfutocin tokunbo a Bosso da Gidan Kwano suka shiga tsaka mai wuya, domin da yawan na'urorin ba su cika sharuɗan Windows 11 ba. Shawarar da ke yawo tsakanin ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya ita ce a koma Linux.

To, wane Linux? Kowa yana da damar ɗaukar manhajar ya sassaƙa tasa, kuma wannan 'yancin ne ya haifi ɗaruruwan nau'o'i da ba dukansu ke jin yaren juna ba. Ubuntu da Mint suna karɓar fayil ɗin deb, Fedora kuwa sai rpm. Malami ya rubuta umarnin apt na Ubuntu a allo, ɗalibin da ke kan Fedora ya buga, kwamfuta ta ce ba ta san zancen ba. Ya kai wa mai gyara, shi kuma maganinsa ɗaya: a goge a sa Windows. An ƙirƙiro Flatpak da Snap don ɗinke ɓarakar, sai dai suna tahowa da kayan aikinsu masu nauyi, ga data ta yi tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin farashi na kashi 50 a Janairun 2025.

Abin da ya fi damuna shi ne tsawon rai. An yi alkawarin kula da nau'in CentOS 8 har 2029, amma a Disambar 2020 aka sanar cewa ƙarshen 2021 za a rufe shi, masu sabar a duniya suka yi ta ƙaura zuwa Rocky Linux da AlmaLinux. CentOS fa mai kamfanin Red Hat a bayansa ke nan. A nan gida an taɓa yin Wazobia Linux da Hausa da Yarbanci da Ibo, yau ko labarinsa ba a ji.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a zaɓa don kyan fuska. Fedora na samun gyaran tsaro na kusan wata 13, Ubuntu na yau da kullum wata 9, mai tambarin LTS, wato na dogon zango, kuwa shekara 5. Ɗalibin digirin shekara biyar da wutar lantarki ke iya ɗauke masa ana tsakar sabuntawa, Ubuntu LTS ko nau'in Debian ne daidai da shi.