Iskar taya: Abin da ke cinye tayoyin direbobin yankin Batsari

A Karare da sauran garuruwan yankin Batsari da Safana, ƙananan motocin haya irin su Golf ne ke jigilar mutane da buhunan hatsi zuwa kasuwa. Da zarar lodi ya yi yawa, direba kan ce wa mai faci ya ƙara iska, sau da dama ba a sa geji ba, sai dai a bugi tayar da ƙafa.

Zanen tayar ne ke tona asiri. Idan iska ta yi yawa, tsakiyarta ke kumburowa ta ɗauki nauyin, sai ta suɗe a tsakiya, gefuna na nan garau. Idan ta yi kaɗan, gefuna biyu ke cinyewa, jikin tayar ya riƙa lanƙwasa yana ɗaukar zafi. Wannan ya fi haɗari, shi ke kai ga fashewa ana tsaka da gudu, kuma hanyar da ke fama da matsalar tsaro ba wurin tsayawa canza taya ba ce.

Lambar da ke jikin taya iyakar iskar da za ta iya ɗauka ce. Ma'aunin da ya dace da motar yana kan takardar da aka manna a bakin ƙofar direba, galibi har da na cikakken lodi. Ko a gasar Formula 1, kamfanin Pirelli kan ƙayyade mafi ƙarancin iskar da za a fara tsere da ita.

Da safe ake awo, kafin tayar ta ɗau zafi, don iskar ciki na ƙaruwa a kan kwaltar rana.