Idon Kyanwa da Idon Kyamara: Gani Cikin Duhu a Lungunan Birnin Kano

Duk wanda ya taɓa ratsa Kasuwar Kurmi bayan sallar isha'i, a daren da aka ɗauke wuta, ya san irin duhun da ke cikin birnin Kano. Kasuwar nan, wadda tarihi ya danganta kafuwarta ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, lungunanta matsattsu ne, rumfunanta sun haɗa kai, har farin wata ma da ƙyar yake isa ƙasa. Haka abin yake a yawancin unguwannin da ke cikin ganuwa. A 'yan shekarun nan masu shaguna da magidanta sun shiga liƙa kyamarorin tsaro don taimaka wa masu gadi. Sai dai da rana ake sayen kyamarar, da rana ake gwada ta, alhali ɓarawo da dare yake zuwa. Ranar da aka fasa shago aka duba hoton, sau da yawa sai a tarar da wata farar inuwa marar fuska.

Dalilin haka yana ga yawan haske. Masana na auna hasken da ya sauka a kan abu da ma'aunin da ake kira laks. Rana tsaka tana iya kaiwa laks 100,000, amma cikakken wata bai wuce kashi ɗaya cikin uku na laks guda ba. Ke nan na'urar da za ta yi aiki dare da rana tana fuskantar tazara mai ninki dubu ɗaruruwa.

Idon ɗan Adam yana da dabararsa. A tantanin da ke bayan ido akwai ƙwayoyin karɓar haske iri biyu: masu siffar mazurari, kimanin miliyan biyar, waɗanda ke rarrabe launi amma sai da haske mai yawa, da masu siffar sanda, fiye da miliyan 90, waɗanda ke aiki a duhu amma ba ruwansu da launi. Shi ya sa mai shiga zaure mai duhu yakan daɗe kafin ya fara gani, don sandunan kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin su kai ƙarshen ƙarfinsu. Kyanwa ta fi mutum nisa a wannan fage. Ƙofar da ke tsakiyar baƙin idonta tana buɗewa ƙwarai, kuma a bayan tantaninta akwai wani shimfiɗi mai sheƙi da ke mayar da hasken da ya wuce, ya sake bi ta kan ƙwayoyin. Shi ne ke sa idonta ƙyalli idan an haska ta da tocila. Da kusan kashi ɗaya cikin shida na hasken da mutum ke bukata, kyanwa na iya gani.

Kyamara ma haka take: tana da ƙofa a cikin gilashinta, da faranti mai karɓar haske a maimakon tantani. Irin wannan faranti na farko, Willard Boyle da George Smith ne suka ƙirƙiro shi a Amurka a 1969, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2009. Faɗin ƙofar ana rubuta shi da harafin F da lamba, kuma abin da ke rikita mai saye shi ne, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Gilashi mai F1.0 yana shigar da haske ninki huɗu na mai F2.0. Farantin kuwa an rarraba shi ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo tamkar ƙwarya ce da aka tara wa ruwan sama. Idan aka cusa ɗigo miliyan takwas a kan ɗan ƙaramin faranti, kowace ƙwarya ta ƙanƙance, abin da za ta tara da dare kaɗan ne, sai hoton ya cika da tsaki-tsaki. Don haka kyamara mai ɗigo miliyan biyu ko huɗu a kan faffaɗan faranti takan doke mai miliyan takwas a kan ƙarami da zarar rana ta faɗi, ko da yake babbar lambar ce aka fi bugawa a jikin kwali. Wasu kyamarorin kan yi wata dabara, su tsawaita lokacin ɗaukar kowane hoto don su tara haske. Bango da ƙofa sai su fito tas, amma mutumin da ke tafiya ya zama hayaƙi.

Inda babu haske ko kaɗan, kyamara kan kunna nata. Ido yana ganin hasken da tsawon igiyarsa ke tsakanin nanomita 400 da 700 ne kawai. A bayan ja akwai wani haske da William Herschel ya gano a 1800, wanda ake kira infared. Ƙananan fitilun da ke kewaye da gilashin kyamara suna fitar da shi a nanomita 850, inda akan ga ɗan ja-ja a bakinsu, ko a 940, wanda ba a gani amma bai kai wancan nisa ba. Wannan daban yake da kyamarar da ke ganin ɗumin jiki, irin yadda mesa ke jin ɗumin abin farautarta da ramukan da ke leɓenta. Waccan tana da tsada, kuma ba ta nuna kamannin fuska.

A nan ne yanayin cikin birni ke shigowa. Ƙarfin haske yana raguwa da sauri: idan nisa ya ninka biyu, abin da ya rage kashi ɗaya ne cikin huɗu. A lungun da faɗinsa bai wuce mita biyu ba, bangon da ke kusa yakan kwashe hasken ya dawo da shi, kyamara ta rage ganinta don kada ya kashe mata ido, sai ƙarshen lungun ya koma baƙi ƙirin. Da hunturu, ƙurar hazo tana haskawa a gaban gilashi kamar yayyafi, kuma gizo-gizo yana son yin saƙa a wurin, zarensa ɗaya ya isa ya ɓata hoton dare guda. Ga kuma batun launi. Hoton infared fari da baƙi ne, kuma rini da yawa ba ya shanye wannan haske. Rigar da aka rina da shuni a marinar Ƙofar Mata tana iya fitowa fara-fara, har a je ana cigiyar mai farar riga alhali mai baƙa ne ya shiga.

Saboda haka ɗan ƙwan fitila fari mai amfani da hasken rana, da aka rataye a gefe, yakan fi ƙarin kuɗin da za a zuba a kan kyamara amfani, domin yana dawo da launi. Wajibi ne kuma a haɗa kyamarar da na'urar ajiyar hotonta da batir, tunda daren da aka ɗauke wuta shi ne daren da aka fi bukatarta. A kafa ta a tsayin kimanin mita uku, ba can ƙololuwar soro ba, inda hula kaɗai za ta ɗauka; a kuma karkatar da ita daga tsakar gidan maƙwabci, don gidajen birni a manne suke, kuma leƙen iyalin wani ba tsaro ba ne.

Gwajin da ya dace kafin a biya kuɗi mai sauƙi ne, ɗaliban sakandare ma za su iya yin sa tare da malaminsu. A liƙa kyamarar a inda za ta zauna, a jira dare, a kashe fitilu, a sa wani ya wuce da saurin tafiya a nisan mita biyar, sannan goma. Daga nan a tsayar da hoton, a nuna wa wanda bai san wa aka aika ba, a ce ya faɗi sunansa.