Kama da wane ba wane ba ne: asalin wasu sunayen kuɗi

Ɗan Gulbi, cikin gundumar Dakwaro, bai taɓa zama ƙarƙashin mulkin Ingila ba. Amma duk da haka, in talauci ya kai wa mutum iyaka, sai ka ji ya ce ba shi da ko sisi. Kalmar nan ba ta Faransanci ba ce. Fatake da ƴan ci-rani ne suka ɗauko irinta daga Kano da Katsina, suka ƙetaro da ita iyakar da Faransa da Ingila suka shata a 1906. Da yawa daga cikin kalmomin nan sun yi kama da waɗansu na gida, har kunne ya kan ɗauka uwarsu ɗaya.

Alal misali, sule. Sunan yanka Sule gajarcewar Sulaimanu ne, daga Larabci. Sulen kuɗi kuwa lanƙwasa sunan shilin na Ingila ne, wanda ya ƙunshi kwabo 12. Rabinsa shi ne sisi, wato kwabo 6, kamar yadda sunan ke nufi da Ingilishi. Rabin sisi kuma shi ne taro, kwabo 3, wanda ba abin da ya gama shi da taron jama'a, mai asali daga aikatau tara.

Shi kansa kwabo ya samo suna daga kalmar da Ingilishi ke kiran tagulla, ƙarfen da ake ƙera shi. Abin mamaki, a bakin ƴan titin Landan wannan lafazi ɗan sanda yake nufi, amma daga wani tushe dabam mai ma'anar cafkewa. Ashe su ma masu harshen ba su tsira daga wannan ruɗani ba.

Ranar 1 ga Janairu 1973 Nijeriya ta yi sallama da fam da sule, ta kama naira da kwabo. Kuɗin suka tafi, sunayen suka saura cikin zance.

Wadda ta fi kawo rikici ita ce dala. Ba ruwanta da dutsen Dala na Kano. Tushenta wani kwari ne a Bohemiya, cikin ƙasar Cek ta yau, inda aka soma buga babban kuɗin azurfa wajen 1520, ana ce masa tala. Daga nan sunan ya rabu biyu. Reshe ɗaya ya zama dalar Amurka. Ɗayan ya ratso Sahara tare da azurfar sarauniya Mariya Tereza, mai ɗauke da shekarar 1780. A Nijar sunan ya zauna bisa tamma 5, shi ya sa dala 200 ke yin jikka guda.

A nan ne hattara ta wajaba. In mai sayar da akuya ya ce dala ɗari, tamma 500 yake nufi. In rediyo ta ce dala ɗari game da taimakon ƙasashen waje, zancen na jikkuna da dama ne, domin a ƴan shekarun nan dalar Amurka guda ta fi dala ɗari ta Sefa. Manomin da ɗansa ya yi wa alkawarin aike daga ƙetare, ko wanda zai sa hannu bisa takardar bashi, ya kamata ya fara tambaya: dalar wa?