Yaron da Aka Goya a Gudun Mubi, Me Yake Tunawa?

Ranar 29 ga Oktoba, 2014, mayaƙan Boko Haram suka shiga Mubi, jama'a suka watse, wasu suka nufi Yola, wasu suka bi duwatsu suka tsallaka Kamaru. Yaron da aka goya a wannan gudu, daga Duvu ko wani gari na Mubi ta Kudu, yau ya tasa. In ka tambaye shi, zai kawo maka labarin tiryan-tiryan, har da ƙishirwa da ƙayar hanya. Amma da wuya in idonsa ne ya adana shi. A bakin uwarsa ya tsinta.

Yawancin manya ba sa tuna abin da ya same su kafin shekara uku zuwa uku da rabi. Sashen ƙwaƙwalwa da ke haɗa abin da ya faru da wurinsa da lokacinsa, wato hifokamfus, bai gama nuna ba, harshen yaro kuma bai zauna ba balle ya ƙulla labari. Ba wai ɗan shekara uku ba ya riƙe komai ba ne. Patricia Bauer ta Jami'ar Emory da ke Amurka ta nuna cewa yana riƙewa, sai wajen shekara bakwai abin yake fara zubewa.

Gurbin kuwa ba ya zama fayau, hirar gida ce ke cike shi. A 1995 wata mai bincike, Elizabeth Loftus, ta haɗa baki da dangin wasu mutane, aka ce musu sun taɓa ɓata a wani katafaren kanti suna yara. Kusan ɗaya cikin huɗu suka amince sun tuna, alhali ba a taɓa yi ba. Saboda haka ban ga dalilin ƙaryata yaronmu ba. Shi kansa bai san inda gani ya tsaya, ji ya ɗauka ba.

Manya ma ba duka suke kwashewa ba. Abin da ya fi zama daram shi ne na tsakanin shekara 10 zuwa 30, lokacin da komai farau ne. Shi ya sa dattijon da ya manta miyar shekaranjiya zai zayyana maka ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, wadda ta sa Mubi cikin Najeriya, har ya gaya maka rigar da ya sa ranar.