Adashen Jack London: Zubin Shekara 13, Kwasar Wata 10

Ranar 15 ga Satumba, 1944, a zauren King's Hall da ke Belle Vue a birnin Manchester, wani ƙato mai sanƙo ɗan shekara 31 ya yi turmi 15 yana musayar naushi da saurayin da duk Ingila ke ƙauna. Da aka tashi, alƙalin wasa ya ɗaga hannun mai sanƙon. Sunansa na yanka John George Harper, amma a fage Jack London ake kiransa, sunan wani marubucin Amurka da ya ara. Ran nan ya zama zakaran damben boksin ajin masu nauyi na Birtaniya da na daularta baki ɗaya. Bayan wata 10 aka ƙwace kambun. Yawancin abin da ake tunawa da shi ke nan, sai kuma laƙabin zakaran lokacin yaƙi, wanda in za a faɗe shi sai an ɗan taɓe baki.

Masu taɓe bakin ba su rasa hujja ba. Cewa suke sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tommy Farr, mutumin Wales da ya yi turmi 15 cur da Joe Louis a New York a 1937, ya ajiye kambun Birtaniya ya tafi neman manyan kuɗi a Amurka, kuma daga 1940 ya jingine dambe. Len Harvey da ya gaji kambun a ƙarshen 1938 ya shiga rundunar sojan sama, kambun ya yi ta kwana a hannunsa ba a kare shi, har ya yi ritaya a 1942. Daga nan kujera ta zauna ba kowa shekara biyu. Samari majiya ƙarfi suna bakin daga, baƙi daga Amurka ba sa tsallako teku. To a irin wannan fage, in ji su, wa London ya buge?

Ni kuwa lissafin da nake yi wa mutumin nan lissafin adashe ne. Duk wanda ya taɓa zubi, ko ya ga matan gidansu suna yi, ya san ba a kwasa ɗaya ake ba. Wanda ya ɗauki kwasar farko, a gaskiya bashi ya ci ba ruwa: ya karɓi dunƙule ya juya shi a kasuwa, ya riƙa biya da kaɗan-kaɗan. Wanda ya faɗo a ƙarshe kuwa shi ya ɗauki nauyin kowa. Kullum yana miƙa nasa yana kallon wasu suna ɗauka. Shi ne ke kwana da zullumi in an ce wance ta yi ƙaura, ko wane ya karye. Kuma in kwasar tasa ta zo, sai ya tarar keken ɗinkin da ya yi niyya tun farkon zubi ya ninka kuɗi. Adadin da aka damƙa masa daidai yake da na kowa, amma abin da zai saya da shi ya ragu. Duk da haka ban taɓa jin an ce wa mai kwasar ƙarshe tsintuwa ya yi ba. Kuɗinsa ne, guminsa ne.

Zubin London ya fara ne a 1931, yana ɗan shekara 17, a garinsu West Hartlepool da ke gaɓar arewa maso gabashin Ingila. Gari ne na ƙera jiragen ruwa da narka ƙarfe, kuma a shekarun nan tattalin arzikin duniya ya durƙushe, masana'antu sun tsaya, magidanta na zaman kashe wando. Yaro mai ƙirar jiki a irin wannan gari, in ya iya ɗaukar duka, dambe sana'a ce. Ba a zaɓen abokin karawa, ba a jiran rauni ya warke sarai. A ƙananan zauruka ake yi, ladan fam kaɗan ne, sai ka yawaita hawa kafin tukunya ta ɗoru. Kafin ya ajiye safar dambe a 1949 ya hau fage kusan sau 140. Ya ci sama da 90, an ci shi wajen 40. Ɗan damben yau da ake lallaɓawa kada a ɓata masa tarihi, in ya ga wannan 40 ɗin sai ya ce ai wannan ba gwani ba ne. Amma a cikin waɗanda suka ci shi akwai Tommy Loughran, tsohon zakaran duniya na ajin da ke ƙasa da masu nauyi, a 1936, da Buddy Baer, zabgegen ƙanen Max Baer, a 1937, kuma dukansu da maki suka ci shi, ba su kwantar da shi ba. Kowace irin wannan rana zubi ce.

Abin da ya hana shi kwasa da wuri ba rashin ƙarfi ba ne. Dambensa ne ba ya da kyan kallo. Mutum ne mai jiki, mai matsowa ya danne ka, ya gajiyar da kai, ba mai rangaji da gwaninta ba. Masu shirya wasa a Landan kuwa tikiti suke sayarwa, kuma ɗan arewa mai sanƙo da ba ya burge 'yan kallo ba ya cika zaure. Sai aka yi ta tsallake shi.

Yaƙi ya ɓarke a Satumban 1939. Da farko gwamnati ta rufe wuraren taruwar jama'a don tsoron bama-bamai, daga baya ta sassauta da ta gane mutane na buƙatar abin ɗebe kewa. Dare ya zama na duhu, ba a barin ko ƙyallin fitila ya fita ta taga. Daga Janairun 1940 aka fara rabon abinci da kati: man shanu da sukari, sannan nama. Ka tuna ɗan damben ajin masu nauyi da nama yake gina jiki. London ya shiga rundunar sojan sama, yana dambe in an ba shi hutu.

A rundunar nan ma saurayin da muka ambata yake, wato Freddie Mills, ɗan kudancin Ingila, haifaffen 1919, wanda ya fara da raba madara gida-gida sannan ya goge a rumfunan damben da ke bin bukukuwan gari, inda ake kiran duk mai ji da kansa daga cikin 'yan kallo ya hau. Mills ba ya ja da baya. Ya yarda a naushe shi biyu in dai zai rama ɗaya, kuma irin wannan mutane ke biyan kuɗi su gani. A Disamban 1941 ya ci London da maki a turmi 10. A Yunin 1942, a filin ƙwallon Tottenham, ya yi wa Len Harvey naushin da ya fitar da shi ta tsakanin igiyoyi a turmi na 2, ya karɓe kambun ajin da ke ƙasa da masu nauyi. Saboda haka da aka haɗa shi da London a kan kujerar da ba kowa, mafi yawan mutane sun ɗauka naɗin sarauta za a je, ba dambe ba.

Wannan shi ne abin da masu taɓe baki ke mantawa. Wanda London ya buge a Manchester ba ragowar yaƙi ba ne. Mutum ne da ya taɓa cin sa, wanda kuma bayan shekara huɗu, a Yulin 1948, ya doke Gus Lesnevich ya zama zakaran duniya a ajinsa. Gaskiya ne London ya fi shi nauyi da wajen kilo 19. Amma a 1941 ma haka tazarar take, kuma ba ta hana Mills ci ba. Bambancin turmi 10 da turmi 15 shi ne inda nauyi ke fara karɓar haraji: ƙaramin da ya yini yana ture babba, ƙafarsa ce ke fara gaya masa gaskiya. London ya san haka domin ya daɗe yana biya.

Sai dai kwasar ta zo a mugun lokaci. Mako guda kafin wasan, roka ta farko irin V-2 ta Jamus ta faɗa Landan. Harajin kuɗin shiga ya kai sule 10 a kowace fam, rabi ke nan. Zakaran Birtaniya a lokacin zaman lafiya yakan juya kambunsa kamar jari: ya karɓi baƙi daga Turai da Amurka, ya nemi kambun Turai, in da rabo ya kai ga na duniya. London bai samu ko ɗaya ba. Joe Louis na cikin sojan Amurka, kambun duniya a kulle yake daga 1942 har 1946. Ga dunƙule a hannu, kasuwa a rufe. Ko ɗamarar Lonsdale da ake ɗaura wa zakara, a lokacin sai ka ci wasan kambu uku take zama taka ta har abada; shi kuwa guda ɗaya kacal ya ci.

Da kasuwar ta buɗe kuma, wani ne ya shigo. An gama yaƙi a Turai ranar 8 ga Mayu, 1945. Ranar 17 ga Yuli, a filin Tottenham ɗin nan, London ya fito kare kambunsa karon farko da Bruce Woodcock, ɗan shekara 24 daga Doncaster, ma'aikacin gyaran injin jirgin ƙasa, wanda tun da ya shiga damben kuɗi a 1942 ba a taɓa cin sa ba. Woodcock bai kai shi nauyi ba, amma hannunsa na dama ba ya wasa. A turmi na 6 aka ƙirga wa London goma. Bayan kwana tara aka sanar da sakamakon zaɓe, Churchill da ya ja ragamar yaƙin shi ma aka sauke shi. Da alama Ingila a watan nan ba ta son ganin fuskar da za ta tuna mata da kwanakin duhu.

Kowane adashe da uwarsa, kuma uwar adashe ba ta asara: ko wa ya kwasa, nata kason na nan. A wannan labarin sunanta Jack Solomons, tsohon ɗan kasuwar kifi wanda ya shirya wasan Tottenham. Daga ranar ya zama mai faɗa a ji a damben Birtaniya shekara da shekaru. Shi ne ya kawo Sugar Ray Robinson Landan a 1951 Randolph Turpin ya doke shi. Su kuwa masu zubin, dubi yadda suka ƙare. Joe Baksi na Amurka ya karya wa Woodcock muƙamuƙi a 1947. Mills, da aka yi ta tura shi ga waɗanda suka fi shi girma, ya sha kashi a hannun Woodcock sau biyu da Baksi sau ɗaya, bai taɓa riƙe kambun masu nauyi ba.

A nan ne kwatancen ya fara ɗingishi, kuma gara a faɗa. Adashe na gaskiya kowa da ranarsa. In ka yi haƙuri layi zai zo kanka. A dambe da yawa sun yi zubi har ƙarfinsu ya ƙare ba su ga kwasa ba. Wasu ma tun farko an rubuta cewa ba za su gani ba. Daga 1911 har 1948 baƙar fata ba ya da izinin neman kambun Birtaniya ko da a can aka haife shi. Len Johnson, haifaffen Manchester ɗin nan wanda mahaifinsa ɗan Saliyo ne, ya buge manyan ajin matsakaita a shekarun 1920 amma ba a taɓa ba shi damar ba. Tommy Martin na Deptford, wanda ke damben masu nauyi a zamanin London, dokar nan ta tare shi, ya yi ta fafutukar a soke ta. Sai a Yunin 1948 Dick Turpin ya zama baƙar fata na farko da ya ɗauki wani kambun Birtaniya bayan an soke dokar. In akwai tabo a kambun 1944, a ganina nan yake, ba a yaƙi ba. Kuma tabo ne da ya shafi kambun Farr da na Harvey da na Woodcock daidai wa daida, amma ba a taɓe musu baki. Kambun daular kuwa, wanda a takarda har da Nijeriya a ƙarƙashinsa, sai a 1955 ɗan Nijeriya Hogan Bassey ya kai gare shi a ɗaya daga cikin azuzuwan marasa nauyi, Dick Tiger ya biyo baya a 1958 a ajin matsakaita.

A 1958 ɗin nan ne ɗan London, Brian, ya kwantar da Joe Erskine a turmi na 8 ya ɗauki kambunan nan biyu da mahaifinsa ya taɓa riƙewa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, har a wajen sakin abu da wuri: Henry Cooper ya karɓe su a Janairun 1959, a karewar farko, bayan wata bakwai. Amma Brian ya zo ne kasuwa na ci. Duk da ya rasa kambun, a Mayun shekarar ya tafi Indianapolis ya kara da Floyd Patterson a kan kambun duniya, ba da yardar hukumar damben Birtaniya ba, aka kwantar da shi a turmi na 11, ya dawo hukuma ta ci shi tara, ya biya daga cikin abin da ya samo. A Agustan 1966 ya sake samun irin wannan dama da Muhammad Ali a Earls Court, turmi uku aka yi.

Uban bai ga wannan ba, ya rasu a Disamban 1963 yana da shekara 50. Hawansa fage na ƙarshe da mutane ke tunawa ba nasa wasan ba ne. A Agustan 1960, a Porthcawl da ke Wales, aka tsayar da wasan Brian da Dick Richardson saboda tsagewar da Brian ya samu a saman ido, wadda 'yan gidan London suka ce da ka aka yi ta. Rigima ta kaure a kan dandamali, tsohon ya shiga, babban ɗansa Jack ƙarami ya shiga, sai da 'yan sanda suka hau suka raba.