Abubuwan da ya kamata ka sani game da rabon aiki a wasan kumbo na kan tebur

Mutum biyar ne zaune kewaye da tebur, na shida yana riƙe da littafin dokoki. Abin da ke gabansu bai wuce takarda mai zanen gidaje masu kusurwa shida ba, da fensir, da 'yan dayis irin na lido. Mai jan wasan ya ce na'ura ta hango jiragen 'yan fashi biyu sun biyo bayansu. Nan take matuƙi ya sunkuya kan taswira yana ƙirga gidaje, mai harbi yana murza dayis a tafin hannu. Can gefe kuwa wanda aka ba matsayin likita ya jawo wayarsa, bai sake ɗago kai ba sai da aka ƙare faɗan. Na ga haka ba sau ɗaya ba, kuma kullum abin yana min ciwo, domin mutumin nan ya bar harkokinsa ya zo wasa, aka mai da shi ɗan kallo. Tun daga rabon aiki aka kuskure masa.

Wane irin wasa ne wannan?

Labari ne da ake ƙirƙira tare, da baki. Mutum ɗaya, mai jan wasa, shi ke bayyana duniya da abin da ke faruwa a cikinta. Sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya na cikin labarin, ya faɗi abin da zai yi, dayis kuma su yanke ko ya yi nasara. Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, shi ya buɗe wannan hanya. A cikinsa kowane ɗan wasa yana da jikinsa da takobinsa, in ya ga dama ya kai sara, in ya ga dama ya gudu.

Da zarar an shiga kumbo sai lissafi ya canza. Mutum biyar sun koma jiki ɗaya. Jirgin ba zai yi gabas da yamma lokaci guda ba, kuma idan ya tarwatse da kowa zai tarwatse. To, wa zai yanke inda za a nufa? Sauran huɗun me za su riƙa yi? Duk wata doka ta rabon kujeru ƙoƙari ne na amsa waɗannan tambayoyi biyu.

Daga ina kujerun suka samo asali?

Yawancinsu daga talabijin. Shirin Star Trek na Gene Roddenberry, wanda ya fara a 1966, shi ya dasa hoton a zukatan mutane: kyaftin a tsakiya, matuƙi a gabansa, jami'in kimiyya yana leƙa na'ura, mai kula da sadarwa a baya, injiniya can ƙasa wajen injuna, likita a ɗakin jinya. A fim wannan tsari ba ya ba da wahala, tunda kyamara tana zuwa wurin wanda ake buƙata ta bar sauran. A tebur kuwa sauran suna nan zaune suna jira.

Wasan Traveller na Marc Miller, wanda kamfanin Game Designers' Workshop ya buga a 1977 cikin ƙananan littattafai uku baƙaƙe, ya ɗauki ma'aikatan jirgi kamar yadda mai mota ke ɗaukar direba da yaransa. Akwai matuƙi, da mai lissafin hanya, da injiniya, da likita, da mai kula da fasinja, da mai harbi, kowa da albashinsa na wata: matuƙi 6,000 na kuɗin wasan, mai harbi 1,000 kacal. Ana buƙatar injiniya ɗaya ga kowane tan 35 na injuna, da mai hidima ɗaya ga manyan fasinjoji takwas. Jirgin ma sau da yawa na bashi ne, ana biyan banki duk wata har shekara 40. Wannan albashi yana nuna yadda Traveller ke kallon duniya. A wurinsa harbi ƙaramin aiki ne, babban aikin shi ne kai kaya da fasinja lafiya a samu na biyan bashi.

Yadda zagaye ɗaya yake tafiya

Domin a ga abin kusa, mu ɗauki Starfinder, na kamfanin Paizo, wanda ya fito a 2017. Littafinsa na farko ya ware kujeru biyar: kyaftin, matuƙi, injiniya, jami'in kimiyya, da mai harbi. Kyaftin ɗaya ne, matuƙi ma ɗaya, amma sauran ana iya ninka su. Kowane zagaye na faɗa an kasa shi gida uku.

Injiniya ne ke farawa. A ce an riga an huda garkuwar jirgi ta gefen dama. Yana iya tura ƙarfin lantarki zuwa garkuwa ya ɗan farfaɗo da ita, ko ya tura wa injuna jirgin ya ƙara gudun gida biyu, ko ya bar duka ya je ya ɗinke wata na'ura da ta lalace. Ɗaya kawai zai zaɓa, kuma zai zaɓa ne kafin ya san inda abokan gaba za su juya.

Sai matuƙan ɓangarorin biyu su jefa dayis. Wanda ya samu ƙasa shi zai fara motsawa, wanda ya fi shi kuma ya jira ya ga inda ya tsaya, sannan ya zagaye shi. Wannan doka tana burge ni, don ta gane cewa a irin wannan faɗa wanda ya motsa daga baya shi ke da riba. A wannan gaɓa ce jami'in kimiyya ke aikinsa: ya binciki jirgin abokan gaba ya gano makamansu, ko ya kwaso ƙarfin garkuwa daga baya ya kai gefen da ya yi rauni, domin garkuwar kashi huɗu ce, gaba da baya da hagu da dama.

Daga ƙarshe masu harbi su saki wuta. Yawancin bindigogin jirgi suna kallon gefe ɗaya ne, saboda haka idan matuƙi bai juyo da jirgin daidai ba, babbar igwar mai harbi ba ta da amfani a wannan zagaye. Kyaftin shi kaɗai ke iya sa baki a kowace gaɓa. Yana iya ƙarfafa wa wani gwiwa ya ƙara masa maki 2, ko ya daka masa tsawa ya ƙara masa 4, amma tsawar sau ɗaya take ci a kan mutum ɗaya a faɗa guda.

Idan aka lura, kowane aiki yana rataye da na wani. Injiniya ya ba da gudu, matuƙi ya yi amfani da gudun ya ɓoye gefen da ya huje, jami'in kimiyya ya toshe abin da ya rage, mai harbi ya ci moriyar kusurwar da aka samo masa. Idan tebur ya kama wannan, sai ka ji hayaniya ta tashi, kowa yana kiran ɗan'uwansa. Idan bai kama ba, sai a yi zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba.

Kujera ba ta isa ba sai da zaɓi

Ga abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Ba wa mutum suna kamar injiniya ko jami'in kimiyya abu ne mai sauƙi. Abin tambaya shi ne, idan layi ya zo kansa, yana da abu biyu masu kyau da zai rasa wanne zai ɗauka? Har a Starfinder ɗin ana samun mai harbi da ya shafe zagaye bakwai yana faɗin kalma ɗaya, "na harba", ya jefa dayis, ya koma jira. Da wanda ya yi haka da wanda bai zo ba, bambancinsu kaɗan ne.

Wasan Coriolis na kamfanin Free League na ƙasar Suwidin ya ɗauki matakin da nake ganin ya dace. Lantarkin jirgi ƙididdigagge ne, injiniya ke raba shi, kuma matuƙi da mai na'urar hange da mai harbi duk suna buƙatarsa kafin su yi aiki. Da yake ba ya isar kowa yadda yake so, dole a yi ciniki a tebur. Injiniyan da a wani wasan ake mantawa da shi, a nan kowa shi yake kallo.

Mai jan wasa yana iya ƙirƙirar irin wannan matsi ko da littafi bai tanada ba. Ya sa wuta ta tashi a ɗakin kaya daidai lokacin da injin ke neman tsayawa. Ya sa ƙaramin jirgin ceto ya gifta tsakanin mai harbi da abokin gaba. Nan da nan kujerar da ta mutu za ta farfaɗo.

Rigimar kyaftin

Babu kujerar da ta fi wannan haddasa ɓacin rai. A cikin labari kyaftin yana ba da umarni a bi. A tebur kuwa abokai ne sa'o'in juna, ba wanda ya zo don ya zama ɗan amshin Shata. Idan kyaftin ya cika baki, sai ya zama shi kaɗai ke wasa da hannuwan mutum huɗu. Idan aka kwashe masa iko duka, ya zama jeka-na-yi-ka.

Wasan kwamfuta na Artemis, wanda Thomas Robertson ya fitar a 2010, ya warware wannan ta hanya mai kyau. Mutum biyar kowa yana da allonsa: tuƙi, makamai, injuna, kimiyya, sadarwa. Kyaftin ba shi da abin dannawa ko ɗaya, babban allo kawai yake kallo, kuma abin da zai sani sai abin da mutanensa suka gaya masa. Dole ya yi tambaya, dole ya saurara. Coriolis kuma ya sa kyaftin ya zaɓi umarni, wanda ya bi ya samu ƙarin dayis, wanda ya ga hikima a wani wuri kuma ba a ɗaure masa hannu ba. A ganina a nan maganin yake: kyaftin ya faɗi abin da ake so a cimma, misali a tsere ko a kare jirgin fasinja, yadda za a yi kuma a bar wa mai kujera. Kuma a zaɓe shi tun kafin a fara, da yardar kowa, a ba wanda ya fi iya jawo mai shiru cikin magana.

Likita da mai kula da fasinja fa?

Mu koma ga mutumin nan mai waya. Star Trek Adventures na kamfanin Modiphius, wanda shi ma ya fito a 2017 kamar Starfinder, ya yarda ɗan wasa ya ajiye babban mutuminsa na ɗan lokaci ya ɗauki wani ƙaramin ma'aikacin jirgi idan fagen ba nasa ba ne. Likita na iya zama mai gyaran injin na rabin sa'a, ya koma likitansa daga baya. Starfinder ma ya bari a sauya kujera a farkon kowane zagaye.

Amma gyaran da ya fi wannan shi ne a daina ɗaukar faɗa a matsayin dukan rayuwar jirgi. A Traveller kowane tsalle daga tauraro zuwa tauraro yana cin kusan mako guda, jirgi a rufe, ba shiga ba fita. Wannan mako na likita ne da mai hidima. Shi mai hidima ne zai lura cewa fasinjan ɗaki na uku bai taɓa abincinsa ba kwana biyu, kuma akwatinsa ya fi ƙarfin abin da ya rubuta a takarda. Likita ne zai yanke ko tarin da wani ke yi ya isa a killace jirgin, alhali killacewar za ta sa a makara wajen biyan banki. Mai jan wasan da ya tsallake wannan mako da jimla ɗaya ya zubar da rabin ma'aikatansa.

Idan mutane ba su kai ba, ko sun yi yawa

Mutum uku na iya tafiyar da jirgi: a haɗa kyaftin da wata kujera, a bar ƙananan ayyuka ga kwamfutar jirgi ko ma'aikatan da mai jan wasa ke motsawa. Abin kiyayewa kawai, kada a ba waɗannan ma'aikata yanke shawara. Idan an kai bakwai, a ƙara masu harbi da injiniyoyi, ko a ba wani ƙaramin jirgin yaƙi nasa.

Kai da za ka ja wasa a karon farko, kafin ranar ka rubuta sunayen 'yan wasanka a takarda, gaban kowane suna ka sa shawara ɗaya mai wuya da shi kaɗai zai yanke a wannan zama. Sunan da ka ga gabansa ba komai, ka koma ka gyara labarinka kafin su iso.