Gano Ciwon Turbo a Injin Mota

Sau da yawa mai mota yakan kai ta gareji domin ta rage ƙarfi ko tana hayaƙi, bakanike ya saurari inji na ɗan lokaci, ya yanke hukunci cewa turbo ta mutu. A sayo sabuwa da tsada a ɗaura, bayan 'yan watanni ita ma ta bi sahun ta farko. An bar jaki ke nan ana dukan taiki, domin ba kasafai turbo take lalacewa don kanta ba. Galibi wani abu ne daga waje yake kashe ta, ko kuma lafiyarta lau, laifin na wani sashe ne dabam.

Kafin a fahimci haka, lalle ne a san yadda take aiki. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905, amma ba ta shiga ƙananan motoci na kasuwa ba sai a 1962, a Amurka. Farfela biyu ce a kan sandar ƙarfe guda. Hayaƙin da inji ya fitar yana juya ta farko, ita kuma ta biyu tana zuƙo iska ta cusa wa inji da ƙarfi, ya sami damar ƙona mai fiye da yadda girmansa zai ba shi. Sandar nan takan juya fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin zafin da kan kai digiri 900 a injin fetur. A yawancinsu kuwa ba abin da ya raba ta da mazauninta sai ɗan siririn baƙin mai da take yawo a kansa.

Rashin ƙarfi shi ne alamar da aka fi kawowa, shi ne kuma ya fi ruɗarwa. Matatar iska da ƙura ta toshe, abin da ba baƙo ba ne lokacin hunturu, tana iya jawo shi. Haka nan tiyon iska da ya tsage, ko maɗaurinsa ya kwance, sai iskar da turbo ta tara ta zurare a hanya. A injin gas baƙin hayaƙi yakan biyo baya, tun da mai ya rinjayi iska. Akwai kuma wata 'yar ƙofa da ke karkatar da hayaƙi idan matsi ya yi yawa, wadda in ta maƙale a buɗe mota za ta yi sanyi alhali farfela ba ta da aibi. Motocin zamani sukan nuna lambar P0299 a na'urar bincike. Sai dai ma'anarta kurum ita ce matsin iska ya gaza, ba ta faɗi mai laifi ba, ko da yake da yawa suna karanta ta kamar takardar hukunci.

Shuɗin hayaƙi kuwa shaida ce cewa baƙin mai na ƙonewa. Yana yiwuwa daga turbo yake yoyo, amma ringin fistin da ya ci yakan ba da irin wannan hayaƙi. Har ila yau, idan bututun da ke mai da baƙin mai ƙasa ya toshe, ko hanyar numfashin inji, man zai rasa mafita ya kutsa ta cikin turbo mai lafiya.

Gwajin da ya fi raba gardama da hannu ake yin sa. Bayan inji ya huce, sai a cire tiyon shigar iska a duba farfela. Fikafikai masu giɓi ko lanƙwasa suna nuna cewa yashi ko wani ɗan ƙarfe ya shiga. Sa'an nan a kama bakin sandar a girgiza. Ɗan motsi kaɗan gefe da gefe ba laifi ba ne, gurbin mai ne. Amma in tana kai da komo gaba da baya, ko farfela tana gogar bango, musamman in mota tana kuka kamar jiniya, to turbo ta tafi.

Ko a nan bincike bai ƙare ba, saura a gano abin da ya kashe ta. Baƙin mai da ya daɗe ba a juye ba, ko marar kyau, yakan cinye mazaunin sandar. Direban da ya sha doguwar tafiya da gudu ya kashe inji nan take, ya tsai da mai ke nan a cikin ƙarfe mai zafi, ya soye ya zama gawayi, ya toshe bututun da ke shayar da turbo. Barin inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye yakan hana wannan. Saboda haka bakanike mai lura ba ya ɗaura sabuwa sai ya sauya bututun nan ko ya wanke shi, ya juye mai, ya sa sabbin matatu, ya zazzage tarkacen tsohuwar farfela daga tiyo, ya kuma ɗura mai a bakin sabuwar kafin ya ta da inji.